Falle Ɗaya Na Karanta

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Yau aka yi wa jikana kaciya, kuma a kan gwiwoyina aka yi. Ni Nafutali, da shekara uku baya ko sunana ban iya rubutawa ba, ga ni ina rubuta wannan da hannuna. Rubutun ya karkace. Ba tsufa ba ne, murna ce.

Yaron da gashinsa ya zo, baƙi wuluk, har yana rufe masa kunne. Matata Logose ta ce, "Wannan mijin nawa da shirinsa ya zo, ba irin wasu masu sanƙo ba." Da ni take. Na ƙyale ta, yau ba ranar faɗa ba ce.

Ranar Juma'a ta dawo daga gidan iyayen yaron ta ce mini, "Ɗanka Kirya ya ce kai za ka riƙe yaron, kai kuma za ka zaɓi suna." Shekara biyu ke nan ni da shi ba mu sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba zan rubuta dalili ba. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na fita bayan gida na tsaya cikin ayaba don kada ta ga fuskata.

Sunan daga Littafi Mai Tsarki na ciro shi. A ajinmu na yamma littafi ɗaya gare mu, tsoho, ɗinkinsa ya kwance, sai Malama Kadondi ta rarraba mana falle-falle, kowa ya je gida ya yi ta bi da yatsa. Nawa fallen a tarihin sarki Dauda ya faɗo. Akwai wani ɗan sarki, duk Isra'ila babu mai kyansa, gashinsa don yawa har auna shi ake yi in an aske. Ya yi shekara biyu a gari ɗaya da ubansa bai ga fuskarsa ba. A layin ƙarshe aka kai shi gaban sarki, sarki ya sumbace shi. Nan takardar ta ƙare. Gashi, shekara biyu, sulhu. Na ce wannan ai Ubangiji ne ya ba ni a hannu.

Ba a faɗin suna kafin rana ta takwas, don haka ko Logose ban gaya wa ba. Da aka gama yankan, malamin majami'armu ta Yahudawa ya sunkuyo na raɗa masa. Ya miƙe. Ya sake sunkuyowa. "Baba Nafutali, ka tabbata?" Na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Da idona na karanta, ba ji na yi ba!" Malam ya dubi uban yaron. Shi ƙasa yake kallo, ya gyaɗa kai. Aka kira suna: Absalom.

Majami'a ta yi tsit. Suna ne mai nauyi, dole.

Iyayen yaron ba su tsaya cin abinci ba. Naula, uwar yaron, ta gaji ne ina ji. Matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa sun ragu da yawa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na tashi ina waƙa. Logose ta kai musu kunun gero. Gobe ni ma zan je in ga gashin nan, ta babbar hanya.

Laraba, da yamma

Ta dawo da kunun yadda ta kai shi.

Na ce, "Yaya mijin naki?"

"Yana shan nono."

"Sun ce wani abu?"

"Naula ta yini tana kuka. Kirya ya ce a gaya maka ya ji saƙonka."

"Wane saƙo? Ni ban aika kowa ba."

Ta juye kunun cikin tukunya. "Kai da ka iya karatu, kai za a gaya wa magana? Je ka tambayi takardarka."

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da almuru

Na je aji. Da na shiga hira ta mutu. Mwidu ne kawai ya yi magana, don shi tun muna kiwon awaki bakinsa ba shi da murfi.

"Kai Sanƙo, me ɗan nan ya yi maka da zafi haka? Gaban jama'a?"

Na ce, "Kai da wata guda kake kan layi uku, me ka sani?"

"Layi ukun nan ma sun ishe ni. Fallen da ke bin naka a hannuna yake."

Ya miƙo mini. Malama Kadondi, yarinya sa'ar 'yata, ta zo ta durƙusa kusa da kujerata ta yi ƙasa da murya. "Baba, wannan labarin ba a karanta shi a majami'a ranar Asabaci, shi ya sa ba ka taɓa ji ba. Ba laifinka ba ne. Bari in faɗa maka sauran a taƙaice."

Na ce a'a. Da bakina na ce da idona na karanta. To ido ya ƙarasa aikinsa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, kafin faɗuwar rana

Na gama fallen Mwidu. Yini guda ya ɗauke ni.

Bayan sumbar nan, ɗan sarkin ya samo keken doki da mutane masu gudu gabansa. Yana sammako ya tsaya a ƙofar gari, duk mai ƙara ya tare shi ya ce, ai da ni ne alƙali da ka sami gaskiyarka. A haka ya kwashe zukatan mutane. Daga nan aka busa ƙaho. Tsohon sarki ya fita daga gidansa ba takalmi, kansa a rufe, yana hawan tudu yana kuka.

Na karanta wurin takalmin sau da yawa, ko na yi kuskuren harafi. Ban yi ba.

Wato abin da uban yaron ya ji ke nan daga bakina, a ranar da ya miƙo mini hannu: Allah ya ba ka ɗan da zai yi maka abin da ka —

Rana ta kusa faɗuwa, Asabaci za ta shiga, ba a rubutu a cikinta. Na ajiye fensir.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan fitowar taurari

Wurin zaman uban yaron a majami'a babu kowa. Mutane sun gaishe ni da ladabi fiye da kullum. Gara a zage ni.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da safe

Logose ta ce da zarar ya gama tsinkar 'ya'yan gahawarsa, wato kofi, zai kwashe iyalinsa zuwa birnin Mbale, wurin wan Naula mai gareji. Ba na ɗan lokaci ba. Ta ce a gidan ba mai kiran jaririn da suna. "Yaro" suke ce masa.

Na ce, "Ba ki gaya masa ban sani ba?"

"Na gaya masa. Ya ce, Mama, kowa ya ji shi. Da idonsa ya karanta."

Lahadi, da rana tsaka

Ban ci abinci ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

Falle na gaba yana wurin Namukose mai sayar da ayaba, sai da na bi ta kasuwa. Ta ciro shi daga cikin leda, a naɗe da kyalle mai tsabta. Ta ce, "Baba, ni nawa na daina karantawa a tsakiya. Akwai abin da aka yi a kan soro, rana tsaka. Na ce wa Malama ta canja mini wani." Matan da ke gefenta suka yi kamar suna gyara tumatir.

Na karanta. Abin da aka yi a kan soron ba zan rubuta shi ba.

Wannan sunan na ɗora wa jariri mai kwana takwas, yana kan gwiwata, jininsa bai bushe ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na koma kan fallena na farko, wanda na ciro sunan. Tsakanin gashin da sumbar akwai maganar gona. Ɗan sarkin ya sa bayinsa sun cinna wa gonar wani mutum wuta, don a kula shi.

Na karanta wannan a da? Na karanta. Kalmomin ba su da wuya. Na ce a raina ƙuruciya ce, na wuce.

Ko kuwa ba haka na ce ba.

Tun safe nake zaune da wannan. Na san murna nake yi ran nan, Allah shaida ne. Amma mutum yana iya murna da zuciya ɗaya, wani abu yana kwance a ƙasanta kamar kututture cikin ciyawa. Ban sani ba. Ba na son in sani.

Laraba, da yamma

Daga bayan ɗakinmu ana hango gonar gangare, wadda a kanta muka ɓata da shi. Na juya kujerata.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da almuru

Ban je aji ba. Na ce wa Logose gwiwa ce.

Mwidu ya biyo da sandarsa. Ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya cinye rogon da aka ajiye mini.

"Malama ta ce in duba ko ka mutu."

"Ka ce mata saura kaɗan."

"To ka bar mini fensirinka, nawa ya ƙare." Ya share baki. "Ka san abin da ya ba ni dariya? Da can da ba ka iya karatu, da an ce ka zaɓi suna, da sai ka je ka tambayi Malam, ya ba ka Musa ko Iliya, a ci abinci a watse. Karatu ne ya kai ka."

"Ka zo ta'aziyya ne ko ka zo ƙara gishiri?"

"Na zo cin rogo. Amma ji, Sanƙo. Kofin mahaifinka da kake ta —"

Na ce ya tashi ya fita. Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Ciwo ya riga ya cinye su, kowa ya sani har da kai." Na jefe shi da takalmi. Ban same shi ba. Shi ya dawo mini da takalmin.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da safe

Na je wurin malamin majami'a tun kafin mutane su fito. Na tambaye shi ko ana iya cire suna.

Ya ce, "Wanda aka kira a kan jini ba a goge shi, amma ana iya ƙara wani a gabansa. Sai dai uba ne ke roƙo, ba kaka ba." Ya ƙara da cewa, "Ni ma ina da rabona. Da na tsayar da kai. Na ji kunyar in gyara tsoho a gaban jama'a."

Na ce, "Da ka tsayar da ni da na ƙara ɗaga murya."

Bai musa ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da yamma

Gashin ne. Gashin da na zaɓe shi dominsa.

A fallen da na karɓo yau an yi yaƙi a kurmi. Ɗan sarkin yana gudu a kan alfadari, kansa ya sarƙe a reshen itace, alfadarin ya wuce ya bar shi yana lilo tsakanin sama da ƙasa. Nan suka same shi.

Na fita na yi ta zagaya gida. Logose ta ce, "Lafiya?" Na ce ta je ta gaya wa Naula ta aske wa yaron kai. Ta dube ni, ta dube ni, ta ce, "Ka fara haukacewa." Gaskiyarta.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da rana

Ruwa tun safe. Ba a tsinkar kofi cikin ruwa. Na sami kaina ina godiya.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Logose ta ga yaron yau. Ta ce ya fara bin mutum da ido. Ta ce hancina ne da shi, Allah ya ji ƙansa. Ta faɗa don in yi dariya. Na yi tambaya ɗaya bayan ɗaya har ta gaji: yana barci, yana kuka da yawa, wurin ya warke. Ta ce, "Tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba. Ƙafarka aka yanke?"

Ta babbar hanya sai an ratsa kasuwa, kowa ya gan ni. Ta gajeriyar hanya sai an bi ta gonar gangare.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da almuru

Na koma aji. Falle na ƙarshe a hannun Malama yake. Ta ce, "Wannan na riƙe shi ne don ban san wa zan ba ba." Ta ba ni. Na zauna a baya ni kaɗai, sauran suna bitar haruffa.

Tsohon sarki yana zaune a bakin ƙofar gari yana jiran labarin yaƙi. Mai gudu ya iso da albishir an ci nasara. Bai tambayi nasara ba. Ya ce saurayin fa, lafiya yake? Na biyu ya iso, ya sake tambaya, saurayin fa? Na lura tun da aka fara rikicin haka yake kiransa. Saurayin. Ko ranar da ya sumbace shi, Littafi bai ce uba ya sumbaci ɗa ba, sarki aka ce.

Sai da aka gaya masa ya mutu. Ya hau ɗakin sama yana tafe yana kuka, kuma a nan ne bakinsa ya buɗe. Ɗana, ɗana, yana ta maimaitawa kamar wanda ya tara kalmar shekara da shekaru. Yana cewa da ma shi ya mutu a madadinsa. Babu mai ji sai bango.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga aji duk sun juyo. Mwidu ya ce, "Ku ci gaba da karatunku, mura ke damunsa." Ya matso ya zauna ya tare ni da bayansa.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Na duba abin da na rubuta tun daga ranar kaciya, in ga yadda nake kiransa. Uban yaron. Shi. Uban yaron.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan fitowar taurari

An ce uban yaron ya yi magana da mai motar kaya da zai kwashe su.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da yamma

Na je. Ta gonar gangare.

Kututturan tsofaffin bishiyoyin kofin da ya sare suna nan, sun yi baƙi. Na san kowanne, da mahaifina muka dasa su. Amma tsakaninsu sababbin sun kai ƙirjina, rassan sun sunkuya da 'ya'ya ja wur, ganye ba tabo ko ɗaya. Ban taɓa gani ba, don ban taɓa dubawa ba.

Uban yaron yana can ƙasa da kwando a wuya. Naula na zaune a inuwar ayaba da jaririn. Da ta gan ni ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Shi bai daina tsinka ba.

"Sannu da aiki," na ce.

"Yauwa."

"Na zo in karanta maka abu."

"Na ji karatunka, Baba. Duk gari ya ji."

"Ba ka ji ba. Ihu ka ji."

Na ciro fallen farko. Na karanta masa yadda nake karatu, da yatsa, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Gashin. Shekara biyun. Da na zo wurin gonar na so in tsallake, ban tsallake ba. Hannunsa ya tsaya a kan reshe. Na kai sumbar. Na ɗaga takardar na nuna masa ƙasanta.

"Nan ta ƙare. Iyakar abin da na sani ke nan ran nan. Sauran yana hannun Mwidu."

"Mwidu," ya ce.

"Da Namukose mai ayaba."

Naula ta rufe baki da mayafi. Ban san ko kuka take ko dariya ba.

Ya ce, "Falle ɗaya. Ka raɗa wa ɗana suna daga falle ɗaya."

"Gaba da baya," na ce. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Ya sauke kwandon. "Gonar fa? Ita ka gan ta."

"Na gan ta."

"To?"

"Ban sani ba. Na tambayi kaina har na gaji. Ba zan rantse maka a kan abin da ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ciro falle na ƙarshe. Ya ce ya san abin da ke ciki, a makaranta sun yi. Na ce ka sani, amma ni ban taɓa faɗa ba. Na fara daga mai gudu na farko. Da na kai ɗakin sama haruffan suka narke, ban ƙara ganin komai ba. Na sauke takardar. Sauran da ka na faɗe shi, kuma ba takardar nake kallo ba.

Jaririn ya yi atishawa.

Ya juya ya ci gaba da tsinka. Na ɗauka shi ke nan, na fara naɗe takarduna. Sai ya ce, bai waiwayo ba, "Naula, ba shi Absalom ya riƙe, ki zo ki kama mini wannan layin."

Ta ce shi ne karon farko da aka kira sunan a gidan.

Ya yi nauyi. Gashin ya ƙara yawa. Hancin nawa ne, babu gardama.

Da zan tafi na ce Malam ya ce ana iya ƙara wani suna a gaba. Ya ce, "A bar shi. Amma in ya girma kai za ka karanta masa labarin, daga farko har ƙarshe. Ba ni ba."

Na ce, "Da irin saurina sai ya yi gemu."

"To sai ka daɗe."

Na tambaye shi mai motar kaya fa. Ya dubi gangaren sama da ƙasa. "Kofin nan ba ya nuna lokaci ɗaya. Sai an kai wata biyu ana bi. Kuma hannu ya yi mini kaɗan."

Litinin, 24 ga Nuwamba, da yamma

Na yini tsinka. Bayana kamar an daka. An ce ina haɗawa da ɗanye.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da almuru

Na mayar wa kowa fallensa. Malama ta ce za ta kai littafin Mbale a ɗinke shi, daga yanzu tare za mu riƙa bi, daga farko. Mwidu ya ce, "A gode wa Sanƙo, ya yi wa ilimi hidima." A kan hanya mata biyu sun gan ni sun yi ƙus-ƙus. Za a daɗe ana yi. Kunyar ba ta tafi ba, ta dai sami wurin zama.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, kafin faɗuwar rana

Logose ta ƙara kwano biyu ba ta ce mini komai ba. Saura kaɗan ta kunna fitilun Asabaci, dole in ajiye fensir.

Ga su can suna hawowa ta gangare. Kirya ne a gaba, ɗana, da yaron a kafaɗa.